Waken Da Gwaggonka Kulu Ta Hana Ni Saye

Daga garin Isa, zuwa ga ɗana Nasiru a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah shi tsare ka, shi tsare hanyar da za ka bi.

Na so a ce ka zo gida mun yi bankwana ido da ido kafin ka wuce Kano, amma ni da bakina na ce kada ka zo, don ka san yadda hanya take. Shi ya sa na zauna na rubuta, za ni ba direban bas ya kawo maka. Irin wagga magana waya ba ta ɗaukarta, ana cikin faɗi sai layi ya yanke, in an sake kira kuma an mance inda anka tsaya.

Ka ce kamfanin da ya ɗauke ka wake da riɗi yake saye, aikinka kuwa shi ne shiga ƙauyuka ka ga kaya, ka daidaita da dillalai. Ka kuma ce cikin abin da sunka karantar da ku har da batun kada a sayi abin da anka noma da aikin dole, ko da mutanen da anka yi safararsu. Na ji a muryarka kamar kana ganin zancen takarda ne, na masu cin riɗin a can ƙasashensu. To ba haka ba ne. Abin nan na gamu da shi a gonata, na kuma gamu da shi a bakin sitona, kuma ban gane shi ba sai da yayata ta kama hannuna ta nuna mini.

Kai ka san gwaggonka Kulu tsohuwa ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a zaure a Sabon Birni, mai faɗa in an taka mata tabarma da takalmi. Ba ka san ta sosai ba lokacin da take fatauci. Ita ta goye ni, ita ta koya mini awo. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta fara da kwanon gero a kasuwar Sabon Birni, a hankali har ta kai tana cika babbar mota zuwa Maraɗi, ta dawo da dabino da kanwa. Jandarmomin bakin iyaka sun san muryarta tun daga nesa. Ban taɓa ganin ta ta sayi buhu ba tare da ta tura hannu har ƙasanshi ba, kuma mutane ma haka take yi musu, sai ta ji abin da ke ƙasa.

Kana firamare na noma wake mai yawa a gonarmu ta wajen Kamarawa. Allah ya ba da damina, wake ya yi, ya kuma bushe lokaci guda. Ka san wake in ya bushe ba ya jira, fashewa yake ya zube. Mutanen gari kowa yana kan tashi gonar, na nemi 'yan ƙwadago na rasa. Sai ga wani mutum da ake ce wa Sale Kamasho ya iske ni a kasuwa. Ya ce yana da mutane daga Nijar, masu ƙarfi, ba su da gardama. Abin da ya nema bai kai abin da na saba biya ba. Sharaɗinshi shi ne kuɗi su bi ta hannunshi, abincinsu ma shi zai ji da shi, ni kada in wahalar da kaina da magana da su. Na ji daɗi ƙwarai. Har na ƙara da cewa ina son a gama kafin masu saye daga kudu su iso. Ya ce in ɗauka an gama.

Mutanen sunka zo sunka kama roro. Ni kan je da hantsi, in tsaya bakin gona a kan babur, in ɗaga musu hannu su ɗaga mini, in juya. Abin da nake gani kawai shi ne tarin wake yana ƙaruwa. Har yabonsu nake a kasuwa, ina cewa ban taɓa ganin ma'aikata irinsu ba, ba su hira, ba su zuwa kasuwa, ko ranar Juma'a ba su shiga gari. Ka ji abin da nake yabo.

Rannan Yaya Kulu ta zo duba waken, don ita za ta ɗauki wani kaso. Ta biya ta rugar da ke kusa ta sayi nono, ta dama fura cikin babbar ƙwarya, ta zauna a inuwar aduwa ta kira su su sha. Babu wanda ya motsa. Gaba ɗaya sai sunka juya sunka dubi Sale. Ni ban ɗauki kallon a bakin komai ba, ita kuwa ta gani. Sai ta ce mini, "Ummaru, tahi da Sale ku dubo mini buhunan da anka kai gari, ka ga ko ɗinkinsu ya yi." Sale ya so ya yi gardama, ta ɗaga murya kaɗan, ya hau babur ɗinshi ya biyo ni.

Da munka dawo, mun iske mutanen zaune sun kewaye ta, ƙwarya ta ƙare. Babbansu, wani dattijo mai suna Isuhu, yana share ido da bakin rawani. Sale bai gama tsayawa ba ta miƙe, ta kai hannu ta zare makullin babur ɗinshi, ta ƙulle a gefen mayafinta.

Ya ce, "Hajiya, lahiya?"

Ta ce, "Ina katunan shaidar mutanen ga? Ina wayoyinsu?"

"Ajiya na yi musu, don kada su ɓace."

"To ni ma ajiya na yi maka."

Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Hajiya, ki bar wasa, ina da wurin zuwa."

Ta ce, "Su ma suna da wurin zuwa. Isuhu, faɗa mishi inda za ka."

Isuhu ya ce, "Na baro matata da tsohon ciki. Ko ta haihu, ko ba ta haihu ba, ko tana raye, ban sani ba."

A nan na ji sauran labarin. Sale ya je ƙauyensu can gaba da Madarunfa a shekarar da gero bai yi musu ba, ya yi musu alkawarin aiki a gonar albasa da biya duk wata. Suna ƙetare iyaka ya karɓe katunansu da wayoyinsu. Ya ce musu duk wanda ya shiga gari ba kati, hukuma za ta kama shi a matsayin ɗan ta'adda, ba za a ƙara jin labarinshi ba. Tun lokacin noman farko yake yawo da su daga wannan gona zuwa waccan, shi yana karɓa, su ba su taɓa riƙe ko sisi ba. Wani daga cikinsu ya taɓa gwada tafiya, abokan Sale sunka cim mishi a hanya sunka yi mishi dukan da har lokacin yana ɗingishi. Gonata ba ita ce ta farko ba.

Raina ya ɓaci. Na daka wa Sale tsawa na ce ya kwashe mutanenshi ya bar mini gona yanzun nan. Yaya ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Mutanenshi? Tun yaushe sunka zama nashi? In ka kore shi da su, kai ka wanke hannunka, gobe su kwana gonar wani." Ta aika anka kira maigari, ya zo da dattawanshi. A gabansu anka buɗe jakar Sale, ana ɗaga kati ana kiran suna, mai shi yana zuwa yana karɓa da hannu biyu. Maigari ya sa anka miƙa Sale ga hukuma. Sannan Yaya ta ce in biya mutanen hakkinsu, kowa a tafin hannunshi. Na ce ai na riga na biya. Ta ce, "Sale ka biya. Sale ne ya yi maka roro?" Na biya.

Da wayarta Isuhu ya kira wani mai shago a ƙauyensu. Muna tsaye anka ce mishi matar ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, har ta fara zama. Ya durƙusa a nan cikin ƙaiƙayin wake ya yi sujada. Waɗanda sunka so tafiya, Yaya ta sa su cikin motar kayanta har Maraɗi. Wasu sunka ce tunda yanzu kuɗi na shiga hannunsu, za su tsaya su ƙarasa casa. Isuhu ya tafi, amma shekaru da yawa bayan nan duk kaka sai ya dawo da ƙannenshi, da ƙafarshi, da katinshi a aljihu. Sale kuwa na ji an sake shi daga baya, wani ma ya ce ya gan shi a wata tasha yana irin sana'arshi. Ba za ni ɓoye maka wannan ba, don kada ka ɗauka kowane labari yana ƙarewa yadda ake so.

Nasiru, kuskurena a nan shi ne na tsaya bakin gona. Kai kada ka tsaya. In dillali ya kawo maka ma'aikata ko kaya, ya kuma ce kada ka wahala da magana da masu aikin, to wannan ce maganar da ta zama dole ka yi. Ka je gonar ranar da bai san za ka je ba, kuma ba cikin motarshi ba. Ka nemi dabarar da za ka nesanta shi, don mutum ba ya faɗin ciwonshi gaban wanda ya ji mishi. Ka tambaye su a hannun wa katinsu yake, yaushe rabon da su ji muryar gida, wa ke miƙa musu kuɗi. In ka ga ma'aikaci ba ya dariya, ba ya gardama, ba ya zuwa kasuwa, kada ka yi saurin yabo irin nawa. Ka kuma duba kanka. Ni na ce a yi mini aiki da araha, a kuma gama da gaggawa. Wanda zai iya haɗa maka waɗannan biyun, a jikin wani zai cire. In manyanka sunka yanka maka farashin da ka san ba ya biyan gumin kowa, ka faɗa musu da ladabi, amma ka faɗa. In kuma ka gano ɓarna, kada ka ce ka yanke hulɗa kawai ka juya. Ka tsaya sai ka ga mutanen sun karɓi hakkinsu, sun samu hanyar gida, an kuma sanar da hukumar da abin ya shafa.

Na ɗauka daga nan na yi hankali. Ashe da sauran karatu.

Ka san shekarun da mutanen daji, 'yan bindigar nan, sunka matsa mana. Kana makaranta a Sakkwato lokacin, muna rage maka labari don kada hankalinka ya tashi. Noma ya yi wuya, ƙauyuka da yawa sunka watse, wake ya yi tsada ya kuma yi ƙaranci. Ina da wani mai saye daga kudu da munka daɗe muna hulɗa, na yi mishi alkawarin cika mota, ga lokaci ya matso sito babu ko rabi. Sai wani dillali ya zo mini. Ba za ni kama sunanshi ba, yana raye, kuma ka san gidansu. Ya ce akwai wake mai yawa, fari tas, daga wani ƙauye da ke bakin daji, zai sauke mini shi har ƙofar sito a farashin da ko a shekarar wadata ban samu ba. Ya kawo samfuri a leda. Na tauna, wake ne mai kyau, ba ƙwaro ba tsakuwa. Na ce ya kawo. Zuciyata ta ɗan yi wani iri, amma na ce mata ai ni ba ma'aikata na ɗauka ba wannan karon, kaya kawai na saya, ina ruwana da yadda anka noma.

Washegari ranar kasuwar Isa ce, Yaya ta zo. Na nuna mata samfurin ina murna. Ta juya shi a tafin hannu ta tambayi sunan ƙauyen. Da na faɗa, sai ta mayar da waken cikin leda ta ƙulle. Ta ce, "Tashi mu tahi gaisuwa."

Ta kai ni makarantar firamare da 'yan gudun hijira ke zaune. Cikin wani aji munka iske Malam Jadi, manomi ne daga wannan ƙauyen, matarshi ƙawar Yaya ce tun suna 'yan mata. Na san shi da jiki da rumbuna. Na iske shi ya rame, matar tana tsince ɗan geron da anka ba su sadaka. Bayan gaisuwa Yaya ta ce, "Malam, ga ƙanena. An ce mishi wake ya yi a garinku bana."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ya yi. Mu munka noma shi."

Ya ce tun faɗuwar ruwa mutanen daji ke aiko wa maigarinsu cewa kowane gida ya ba da mutum. Suna kiran abin gayya. Amma gayyar da munka sani, maƙwabci ke roƙonka, ya dafa maka abinci, in kana da uzuri ka ce ba ka zuwa. Wagga kuwa da bindiga ake tsaye a kanka. Gonakin ma na mutanen da anka kora ne. Su yi shuka, su yi noma, su yi roro, su ɗora buhu a kai har inda anka ce. Tasu gonar kuwa ciyawa ta cinye, don ranakun da ya kamata su shiga suna can. Ba manoma kaɗai ba, ya ce har wani makiyayi maƙwabcinsu da anka kwashe wa shanu, tare sunka yi ta duƙe a kunya ɗaya. Ranar da Malam Jadi ya kwanta da zazzaɓi bai je ba, sunka zo har gida. Ya juya ya ɗaga rigarshi ya nuna mana bayanshi. Ba za ni kwatanta maka ba.

Munka kama hanyar dawowa. Yaya ta ce, "Mutanen da ke tsintar geron sadaka, su ne za su sayar maka da mota guda ta wake? Kai ma ka sani tun jiya, Ummaru. Ka so ne wani ya faɗa maka." Gaskiya ta faɗa.

Amma ƙin saye ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda ya aiko dillalin daga daji ba mutum ne da ake ce wa a'a ba, kuma an san sitona, an san gidana, an san hanyar da ƙannenka ke bi zuwa makaranta. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa maka. Na ce mata ko in karɓa wannan karon kawai, daga shi in ce na daina sayen wake. Ta ce in na karɓa sau ɗaya na zama nasu, baɗi ma ƙofata za a sauke.

Da la'asar dillalin ya zo jin lokacin da zai kawo kaya. Yaya ta sa anka shimfiɗa mishi tabarma, ta ba shi ruwa. Na zaci za ta yi mishi irin ta Sale, sai na ji ta sassauta murya. Ta ce, "Na san uwarka. Na kuma san ba kai ka noma waken ga ba, kuma wataƙila ba da son ranka kake yawo da shi ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajiya, in na koma na ce an ƙi, mi za ni ce?"

Ta ce, "Ka ce Ummaru shina so, yayarshi ce ta hana. Ka ce kuɗin nata ne, shi yaronta ne kawai. Ka ce Kulu ta Sabon Birni, kowa ya san ba ta da daɗin sha'ani."

Na ce, "Yaya, ba za a yi haka ba."

Ta ce, "Kai kana da ƙanana a gida. Ni nawa sun girma. Yi mini shiru."

Haka ta ɗauke abin daga kaina ta aza a nata, ina zaune ina kallo.

Ba a daɗe ba anka fara kiran wayarta da lambar da ba ta sani ba. Anka faɗa mata kalar motar da take hawa, da wurin da take zama a ciki. Direbobin da sunka saba ɗaukar kayanta sunka fara ba ta haƙuri, ba ta kuma ga laifinsu ba. Ta daina bin hanyar Isa, ta daina zuwa Maraɗi. Fataucin da ta gina tun daga kwano ɗaya ya tsaya cak. Daga baya ta sayar da sitonta, ta sayi injin markaɗe da babban kasko, ta koma zaure. Ƙuli-ƙulin da kake ci in ka je hutu, asalinshi ke nan. Ni ma mai sayen nan na kudu ya yi fushi ya koma wurin wani, amma nawa rashin ba a haɗa shi da nata. Har yau ban taɓa jin ta ambaci abin da ta rasa ba. In na ɗauko zancen sai ta ce gwiwoyinta ne dama sunka gaji da hawan mota.

Kuma ba ta tsaya a ƙin saye ba. Kafin ta daina zuwa Isa, sai da ta shiga taron masu sayen hatsi, ita kaɗai mace, ta faɗa musu abin da ta gani a bayan Malam Jadi. Wasu sunka ce in ba mu saya ba wani zai saya. Ta ce to wanin ya saya, ita dai ta zo ne ta ji ko su ne wanin. Wasu sun bi ta, wasu ba su bi ba, kuma waken nan na tabbata ya samu mai saye a wani wuri. Ta kuma ja mini kunne kada in ce na daina sayen komai daga ƙauyukan bakin daji. Ta ce matan da ke zuwa da kwano biyu ko uku a ƙullin zane, abin da sunka tsira da shi ne daga 'yar gonar bayan gida, in na ƙi nasu na haɗa musu zafi biyu. Tun daga lokacin nake sayen nasu da cikakken farashi, ina kallon fuskar mai shi, ina sanin ɗiyar wane ce. Ya fi wahala, sito ba ya cika da wuri, amma ina sanin abin da ke cikin buhuna.

To kai za ka riƙa ganin kaya ne bayan sun bi hannu da yawa, an zuba su a sabon buhu an ɗinke. Wake ba ya nuna wanda ya duƙa a kanshi. Saboda haka in farashi ya faɗi ƙasa ba dalili, ka tambayi dalilin. In an ce maka kaya masu yawa sun fito daga wurin da ka san mutanenshi na gudu, ka tsaya ka yi tunani. Ka bi kaya baya, daga dillali zuwa wanda ya sayar mishi, har ka kai ga gona ko ka kai inda anka ƙi nuna maka. Inda anka ƙi nuna maka, ka rubuta wa manyanka haka, kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Kada kuma ka ɗauki kowane dillali mugu. Wani Sale ne, wani kuwa shi ma a ɗaure yake, sai ka san da wanda kake magana.

Abu ɗaya za ni roƙe ka, kuma innarka ce ta ce lallai in rubuta. Ba mu aike ka ka yi jarunta ba. Gwaggonka ta san ƙasar nan, ta san wa za ta kira, ta san abin da za ta iya ɗauka. Kai baƙo za ka zama a duk inda ka je. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, kada ka yi faɗa a gona, kada ka zare makullin kowa. Ka riƙe abin da ka gani, ka fita lafiya, ka kai maganar inda za a iya yin wani abu, kuma kada ka bari ta mutu a can. Kada ka ambaci sunan ma'aikacin da ya faɗa maka, don kai za ka hau mota ka tafi, shi a nan zai kwana.

Shekaranjiya na kira gwaggonka na faɗa mata ka samu aiki. Ta yi guɗa har na janye wayar daga kunne. Ta tambayi irin aikin, na yi mata bayani. Ina jin ƙarar kasko ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Ka ce mishi duk gonar da ya je, kada ya sha ruwan da ke cikin mota. Ya tambayi inda masu aiki ke sha, ya je ya sha nan." Na yi dariya na ce ruwan gona zai ɓata maka ciki. Ta ce ba wasa take ba, in ruwan bai shawuwa gare ka, to ka riga ka ga abin da ka je gani. Na ce za ni rubuta maka yadda ta faɗa, ga shi na rubuta.

Allah shi kai ka lafiya, shi haɗa ka da iyayen gida na kirki. Allah shi tsare ka daga cin gumin wani, da saninka ko ba da saninka ba. Shi kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, shi sa albarka a abin da za ka samu, shi kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu har mu ga ka shigo gida da rana tsaka ba mai fargaba. Ka riƙe salla. Innarka ta sa yaji da daddawa cikin ƙullin da ke tare da takardar nan, ƙuli-ƙulin kuwa daga Sabon Birni ya zo.

In ka sauka Kano, ka kira gwaggonka kafin ka kira ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ummaru